Awon Kan Suruki

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfata a Tsanyawa, wasu samari biyu suna jiran a yi musu facin taya a maƙwabta, sai na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa idan Allah ya ba shi jari sana'ata zai kama. Wai babu wahala a cikinta: ka shiga birni ka saro hulunan kwano, ka rataye su a ƙusa, ka zauna kana korar ƙuda har mai saye ya zo. Ba da ni yake ba. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na ce bari in faɗa muku, ku yaran yanzu, abin da ke cikin wannan zaman korar ƙudan. Duk wanda ya sayi kwano a hannuna ya hau babur, alhakin kansa yana wuyana har ya sauka. A cikin kawunan da na auna kuwa, babu wanda ya ba ni wahala kamar na surukina, mahaifin mai ɗakina. Amma ba za ku gane wahalar ba sai kun san yadda aikin yake.

Aikin farko da maigidana Malam Buba ya ba ni a kan kwano, ina tune da shi. Bakanike ne a Ungogo, gyaran babur na je koya a wurinsa, yana kuma ajiye hulunan kwano a gefen shago. Ya ɗauko guda biyu baƙaƙe, duk suna sheƙi, ya ce in zaɓi wanda zan ba ƙanena. Na zaɓi wanda ya fi ƙyalli. Sai ya zare yadin ciki, ya haska tocila, ya ce in duba. A ƙarƙashin yadin akwai wani farin abu mai kama da totuwar kara, to shi ne kwanon na gaskiya, na wajen rufi ne. Na wanda na zaɓa ya lotsa a gefe ɗaya, ya tsage. Gwanjo ne, wani ya taɓa faɗuwa da shi a wata ƙasa, aka shafe shi da fenti aka kawo mana. Malam Buba ya ce, “Shinshina.” Na shinshina, na ji warin sabon fenti. Ya ce, “Kwanon da ya sha ƙasa sau ɗaya ya gama aikinsa. Ka riƙe wannan, sauran duk za ka koya a hankali.”

Na kuwa koya a hankali, har na dawo gida na buɗe rumfar kaina, na bar gyaran inji na tsaya a kan kwano da 'yan kayan babur. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tef irin na teloli, da tocila, da basilla da zare mai ƙwari na ɗinke igiyar haɓa, da madubi, da babban yatsana na danna totuwar nan in ji ko tana da rai. Amma abin da ya fi su duka amfani shi ne zana. Duk wanda ya san rumfata ya san akwai zana a kafe a bayanta, da kujera 'yar tsugunno a ciki. Baƙi sukan ɗauka wurin alwala ne.

Dalilin zanar shi ne hula. Ba a auna kwano a kan hula, sai a kan kai. Magidanci a ƙasarmu kuwa ba zai cire hularsa a tsakiyar kasuwa ba, 'ya'yansa da abokan 'ya'yansa suna wucewa. Ya gwammace ya sayi ƙaton kwano wanda zai haɗiye kai da hula gaba ɗaya, ya hau babur yana tafe kwanon yana rawa. Irin wannan, ranar da aka faɗi, shi yake riga mai shi isa gona. Da na lura da haka sai na kafa zana. In mutum ya zo, na ce, “Alhaji, bismilla daga ciki.” Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, na zagaya tef ta saman gira da ƙeya. Na sa masa kwano, na ɗaure igiyar, na kama da hannu biyu na juya hagu da dama. In fatar goshi ta bi kwanon, ya yi. In kwanon ya juya shi kaɗai ya bar kai a tsaye, ya yi yawa. Sannan na tura shi daga ƙeya zuwa gaba. In ya rufe ido, ba nasa ba ne. Duk wannan taɓa kan mutum ne, kuma ku riƙe wannan a ranku.

Wani manomi Bawa, daga ƙauyukan da ke yamma da mu, ya taɓa zuwa mini da kuɗin gyaɗarsa a hannu, ya nuna wanda ya fi kowanne tsada, mai rufe haɓa da baƙin gilashi. Na tambaye shi ina yake bi da babur. Ya ce daga gida zuwa rijiya da jarkoki, sai gona, sai majami'a ranar Lahadi. Na ce ya taɓa hawa kwalta? Ya ce sai dai ya tsallaka ta. Na ce to ajiye wannan, na masu doguwar tafiya ne a kan kwalta, masu gudu tsakanin manyan motoci. Kai da kake tafiya a rairayi cikin rana, kwana kaɗan za ka ji kana dahuwa a ciki, ka rataye shi a kan babur, ka yi asarar kuɗinka da kanka. Na ba shi mai buɗaɗɗiyar fuska, mai saukowa ya rufe kunne da ƙeya, ya koma da canji. Washegarin ranar kuma wani yaro ɗan acaɓa da ke jigila a kan hanyar Kano ya zo yana son mafi araha, na ƙi sayar masa sai mai haɓa, muka yi ta ja har ya yi fushi ya tafi, ya kuma dawo. Kwano iri uku ne a kasuwa: mai arahar da ba na ajiyewa, don da shi da ƙwarya duk ɗaya, matsakaici mai totuwa mai kyau, da na masu gudu. Kafin in faɗi kuɗi sai na san hanyar mutum, da abin da yake ɗauka, da irin tuƙinsa.

To sai shekarun wahala suka zo. Ruwa ya ɗauke ana tsaka da buƙatarsa, gero ya fitar da kai babu ido. Takin zamani ya fi ƙarfin mai gona, man fetur ya zama sai a kwalba. A daidai wannan lokaci ne kuma ma'aikatan hanya suka matsa a kan kwano. Za ku ce ai kakarmu ta yanke saƙa. Ko kusa. Mutumin da yake auna tuwon dare da ido ba zai sayi kwanon kirki ba. Abin da za a nuna a shingen hanya ake nema. Masu kaya suka riƙa zuwa daga birni suna shimfiɗa buhu suna zube kwanuka marasa nauyi, ja da kore, kuɗinsu bai kai rabin nawa ba. Wasu suka sa na 'yan gini. Na ga wanda ya shafa wa ƙwarya fenti ya ɗaura mata igiya, kuma ya wuce shinge da ita. Ni kuwa nakan wuni ban yi ciniki ba, in kwashe kaya in koma gida.

A wannan shekarar ne surukina ya hau babur. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baba nake ce masa. Dattijo ne mai gona da shanun huɗa, wanda ake zuwa ƙofar gidansa a raba gardama. Bai taɓa yin fatauci ba. Da abin ya tsananta ya sayar da sa ɗaya, ɗansa ya tafi kudu ci-rani ya bar masa babur, sai ya fara bin ƙauyuka yana sayen kaji da zabbi, ya ɗaura kwando a baya ya kai kasuwanni. Ranar da na fara ganinsa ya shigo kasuwa, sai da na miƙe tsaye. Jan kwano ne a kansa, irin na kan buhu, ƙato, ya kifa shi a kan hularsa zanna. Igiyar haɓa kuwa tana lilo a gefe. Ga kwando mai nauyi a baya, ga hanyarsa rabi burji ce rabi kwalta, ga shi sabon hannu, tsufa kuma ya fara kama gwiwa. Na san abin da zai faru ranar da tayar gaba ta zame. Na ga irinsa a kan mutanen da na sani.

Da wani ne, da na tare shi na ce, “Malam, zo mu shiga daga ciki.” Amma wannan mutumin, tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi nakan cire takalmi in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Ba na cin abinci a inda yake. In muka yi kiciɓis a hanya ɗayanmu yakan ratse. Shi ma abin da ya hana shi zuwa rumfata ke nan. Ya tsallake ni ya je ya saya a wurin baƙi don kada ya sa ni jin nauyi. Ta yaya zan ce masa ya cire hula a gabana? Ta yaya zan kama kansa da hannu biyu in juya hagu da dama?

Na kai wa mai ɗakina maganar. Ta ce, “To ni me zan ce masa? In ce Baba kanka zai fashe?” Na ce ta gaya wa Inna, mahaifiyarta. Ta je ta dawo ta ce Inna ta yi masa magana, ya ce shi ba yaro ba ne, kuma ba zai yi yawo a duniya kai babu hula ba kamar wanda aka koro. Sai ta kawo shawara ta sato mini tsohuwar hularsa in auna. Ta kawo, na juya ta na mayar. Hula tana ƙarya. Ta sha wanki ta buɗe, kuma Baba a karkace yake sa ta. Ba za ta gaya mini ko kan dogo ne ko zagayayye ba.

Ina cikin wannan tunani wata Juma'a na je aski wurin Tanko wanzami. Ya kama kaina ya tanƙwara, ya juya, ya danna, yana ta surutunsa, ni kuwa na yi laƙwas. Sai abin ya faɗo mini. A duk garinmu mutum ɗaya ne ke kama kan Baba ya juya shi yadda ya so, Baba bai ce uffan ba. Tanko sa'ansa ne, shi yake masa aski tun suna samari, kuma bakinsa ba shi da linzami.

Na gaya masa buƙatata. Ya tsaya da askar a sama ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Wato kai da tef ɗinka da tocilarka, ka rasa mai auna maka kai sai wanzami?” Na ce eh. Na ba shi zare, na nuna masa a kaina inda zai bi, saman gira da tudun ƙeya, ya ƙulla a inda ya haɗu. Ya ce, “In ya tambaye ni fa?” Na ce ya san abin da zai ce.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo zaren da ƙulli. Na ce me Baba ya ce? Ya ce, “Ya ce, Tanko, me kake yi? Na ce ina dubawa ne ko yunwar bana ta rage maka kai. Ya ce in yi aski in bar shashanci.” Ya kuma ƙara mini abin da zare ba zai faɗa ba: kan dogo ne ta baya, ƙeyar ta fito, gefen kunnuwa a matse.

Zaɓen ya ɗauke ni lokaci fiye da na kowa. Ina da mai rufe haɓa guda ɗaya mai kyau, zuciyata ta so in ba shi shi, don a ce na yi wa suruki bajinta. Amma na zauna na bi hanyarsa a raina. Baba ba ya gudu. Ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Daga gida zuwa kwalta zai amsa sallama ba adadi, zai tsaya a ƙofar gidaje yana cinikin kaza. Mai rufe baki zai cire shi a gaisuwar farko, ba zai mayar ba. Na ajiye. Na ɗauko matsakaici mai buɗaɗɗiyar fuska, mai zurfin ƙeya, na zare yadin na haska, na danna totuwar ko'ina. Na zaɓi fari, don ja ba na dattijo ba ne. Na cire igiyarsa na ɗinka wata mai laushi da maɓallin da tsoho zai iya buɗewa da hannu ɗaya. Saura maganar hula. Mai ɗakina ta saƙa masa wata 'yar farar hula marar kauri, mai lafewa a kai, wadda za ta zauna a ƙarƙashin kwano ba ta ɓata awo ba. In ya cire kwanon ba za a ga kansa a buɗe ba, zannar kuma ta shiga aljihun babbar riga har ya sauka.

Tanko ya kai masa kwanon da hular. Na roƙe shi kada ya ce daga wurina ne. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi, ya ce, “Na ce masa surukinka ne ya aiko, kuma ya ce kada in ce shi ne.” Baba ya karɓa ya sa albarka, ya miƙa a kai ɗaki. Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga shi da jan kwanonsa a kan zanna, igiya tana lilo. Kasuwa ta gaba ma haka. Ina ganinsa ya wuce ta bakin rumfa, in durƙusa in gaishe shi, in koma in zauna. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ba ni da bakin magana.

Tanko ne ya kashe maganar ta hanyarsa. Ya je yi wa Baba aski a zaure, ya ga jan kwanon a kife a ƙasa, ya waiwaya kamar mai neman kujera, ya zauna a kai. Tanko ba ƙaramin mutum ba ne. Kwanon ya yi ƙara ya rabe. Ya tashi yana salati yana ba da haƙuri, sannan ya ɗaga ɓarin ya ce, “Malam, abin da bai ɗauki mazaunaina ba shi ne zai ɗauki kwalta?” An ce Baba ya daɗe yana kallon ɓarin, sannan ya aika ciki a ɗauko farin. Tanko da kansa ya sa masa, ya ɗaure igiyar, yana cewa shi yake gyara gemun nan, ya san inda za ta zauna ba ta ci gashi ba.

Daga nan Baba ya riƙa shigowa kasuwa da farin kwano. Amma hankalina bai gama kwanciya ba. In ya zo wucewa na durƙusa, nakan saci kallon ƙarƙashin haɓarsa. Wata rana igiyar a ɗaure, wata rana tana lilo. Kwanon da ba a ɗaure ba kuwa, komai tsadarsa, ado ne.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an yi girbi maras auki, ina ɗinke wa wani igiya, sai wani direban bas ya tsaya yana faɗa wa mutane cewa wani tsoho mai kaji ya faɗi a kwanar da burji ke haɗuwa da kwalta. Akuya ce ta gitta, ya taka birki a kan yashi. Na ajiye basilla. Ban tuna wanda ya ɗauke ni a babur ba. Da muka doso wurin na ga taro, na ga kwando a fashe, zabbi sun bazu cikin karan dawa ana binsu. Ku yara ba za ku gane ba, amma ban nemi Baba da ido ba tukuna. Ƙasa na riƙa dubawa, bakin kwalta, cikin kwata, cikin gona. Farin kwano nake nema. In na gan shi a yashe can gefe shi kaɗai, na san abin da zan tarar a tsakiyar taron.

Ban gan shi ba. Na kutsa cikin mutane, sai ga Baba a zaune a jingine da wani, yana riƙe da kafaɗa, yana ta hailala. Kwanon yana kansa, igiyar a ɗaure. Gefen dama ya goge har fentin ya tafi, dutsen bakin kwalta ya bar masa rami a daidai saman kunne. Na zube a durƙushe a nan, mutane suka ɗauka gaisuwa nake yi. Aka kai shi asibiti aka duba, kai lafiya lau, ƙashin kafaɗa ne ya karye. Ya yi jinyarsa a gida. Na je dubiya kamar kowa, na tsuguna daga bakin ƙofa, na ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin. Maganar kwano ba ta haɗa mu ba.

Da ya warke, wata ranar kasuwa da rana ta yi sanyi, na ɗaga kai sai na gan shi tsaye a bakin rumfata. Bai taɓa tsayawa a nan ba. Yana sanye da zannarsa, kwanon yana hannunsa a cikin leda. Na zube na gaishe shi. Ya ɗora kwanon a kan tebur, yana kallon wani wuri, ya ce, “A ɗan gyara wannan. A shafa masa fenti. Zan koma hanya, gida babu hatsi.”

Na ɗauka na zare yadin, na haska tocila, ko da yake na san abin da zan gani. Totuwar ta lotsa ta tsage daidai inda dutsen ya buga. Tun da nake ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba. Na ce, kaina a ƙasa, “Baba, a gafarce ni, wannan ba ya gyaruwa. Ya gama aikinsa. Sai dai wani.”

Na juya kwanon na nuna masa tsagar daga nesa. Ya matso ya duba, ya sa yatsa a ramin, sannan ya kai yatsan saman kunnensa ya taɓa. Na ce, “Akwai wasu sun zo, amma ba kamfani ɗaya ba ne, awonsu ya bambanta. Bari in aika a kira Tanko ya gwada maka a gida.”

Ya ce, “Tanko aski ya iya.”

Ya zagaya teburin, ya ɗaga gefen zana ya shiga. Na tsaya a waje kamar an dasa ni. Can na ji ya ce, “Ko ba nan ake shiga ba?” Na ɗauki tef da kwanuka biyu na bi shi. Na same shi a zaune a kan 'yar kujerar nan, ya cire zanna ya ɗora a gwiwa, kamar yadda kowa yake yi. Ban taɓa ganin kansa ba sai ran nan. Furfura ce fat, da wani tsohon tabo a ƙeya. Ban kuma taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba. Na yi bismilla na zagaya tef, ya zame. Na sake, ya sake zamewa.

Ya ce, “Hannunka rawa yake. Haka kake yi wa kowa?”

Na ce, “A'a, Baba.”

Ya ce, “To yi mini irin na kowa.”

Na sa masa kwanon, na ɗaure igiyar a ƙarƙashin gemunsa, na kama kan surukina da hannu biyu na juya shi hagu da dama. Fatar goshin ta bi.